Rami na uku a sarewar Kawu

Assalamu alaikum Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya Inna da yara? Yaya ciwon yatsun? Auta ta ce ka rage busa sarewa, abin ya tsaya mini a rai.

Ni lafiya lau nake. Ɗakin ƙarami ne, tagar ma ba ta rufuwa sosai, amma na saba. Kada Inna ta damu.

Aikina a makaranta shi ne koya wa kwamfuta zana yatsu. Idan aka rubuta waƙa da alamomin kiɗa, sai ta zana sarewa ƙarƙashin kowace alama, ramin da za a toshe baƙi, wanda za a buɗe fari. Da na sa mata waƙar da kake busa mana muna yara, sai ta rikice. Kai rabin rami na uku kake toshewa, ita kuwa baƙi da fari kaɗai ta sani. Malamina ya ce in cire sautin in huta. Na ce masa ai nan ne waƙar take kuka. Kullum ina gyara, tana ƙi, amma za mu ga mai taurin kai.

Roƙona, ka bari Auta ta ɗauki bidiyon yatsunka kana busawa a hankali. Ko suna rawa ba komai, kada ka ce sai ka warke.

Allah ya ƙara sauƙi. Rabin ramin nan naka, Kawu, ba zan bari ya toshe ba.

Ɗanka mai kewarka.