Kukokin Kufan Su Inna

Daren Laraba, watan Safar, Hadeja.

Yau na ƙetare fadama da Inna a kwalekwale, na kai ta kufan garinsu. Rabonta da wurin tun tana yarinya, ranar da mahara suka ƙone shi. Ko katanga babu, sai manya-manyan kukoki a tsaye.

Ta tsaya gaban wata kuka mai kogo, ta yi sallama. A ciki ta ɓoye ƙanwarta ranar harin, aka kama ita Inna kafin ta dawo ɗaukarta.

Na ce, "Inna, mu tafi, rana ta yi ƙasa."

Ta ce, "Yi shiru, Audu, tana magana."

Wallahi ban ji komai ba. Ga Inna can tana barcinta lafiya lau. Ni ne na kasa kashe fitila.