Telan da Alherin Coci Ya Hana Sakat

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya zaunar da bayinsa gida jikin gida, bai kuwa shawarci kowa ba game da wanda za a ajiye masa a gefe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa. Masu karatu, ina yi muku sallama. Na shafe shekaru ina karɓar wasiƙun waɗanda maƙwabta suka cuta. Yau ne karo na farko da wani ya kawo mini ƙarar maƙwabtansa saboda sun kyautata masa. Ga wasiƙar yadda ta iso.

Assalamu alaikum Malam. Don girman Allah ka taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin har na fara ɗaure kayana. Ni tela ne, shekarata hamsin da takwas. Shagon da nake ciki na mahaifina ne, a nan ya koya mini riƙe almakashi, gidanmu kuma yana bayan shagon. Yanzu so nake in rufe shi in kama haya a wata unguwa, mai wurin ya ce in ba shi amsa ƙarshen wata. Ba ɓarayi ne suka kore ni ba, ba kuma rigima ba. Alheri ne.

Akwai coci jikin shagona, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shekara ashirin muna zaune lafiya. Suna sassauta gangarsu idan lokacin salla ya yi, ni kuma ba na barin masu kawo ɗinki su tare musu ƙofa da babura ranar Lahadi. To bara aka kawo musu sabon fasto, mutum mai fara'a, ya sa aka kafa wani babban allo a bakin ƙofa, aka raba shi gida uku: manufarsu, da ɗabi'un da suke riƙe da su, da abin da suka gaskata. Gida na uku nasu ne, ban shiga ba, su ma tsakani da Allah ba su taɓa jan hannuna zuwa ciki ba. Gida na farko ya ce an kafa cocin ne don bautar Allah da yi wa mutane hidima, a fara da na kusa. Na biyu ya ce ƙauna a aikace, faɗin gaskiya, tawali'u, da godiya ba tare da gunaguni ba. Da 'yata ta karanta mini, don mai rubutun ya ƙanƙanta baƙaƙen ƙwarai, sai na ce madalla. Ban san ni ne na kusan ba. Hagunsu katangar wani sito ce, bayansu kwalbati, gabansu titi. Ni kaɗai ne mai numfashi a kewayensu.

Suka kafa kwamitin hidima na mutum goma sha bakwai, ƙarƙashin wata dattijuwa da kowa ke ce wa Mama, tsohuwar nas ce, wadda in ta dube ka sai ka ji kamar ba ka sha maganinka ba. Asabar ta farko suka zo suka tambaye ni me nake buƙata. Na ce alhamdu lillahi, ba na buƙatar komai. Malam, kowace Asabar sai sun tambaya, kowace Asabar amsata ke nan, su kuma sai su ƙare wa shagon kallo su ƙirƙiro mini buƙata da kansu.

Sun share ƙofar shagona har ƙasar wurin ta ƙare, saiwar bishiya ta fito fili, yanzu duk wanda ya kawo ɗinki sai ya yi tuntuɓe da ita kafin ya yi sallama. Sun yi wa ƙyaurena fenti sau uku, ya yi ƙiba, ba ya rufuwa sai na sa kafaɗa. Gwangwanayen maɓallaina da na san kowanne da mazauninsa, suka sauke suka wanke suka sake jera mini, tun ranar nake sa wa farar riga maɓalli ruwan toka. Akwai kuma wani tsoho mai kula da ajiye motocinsu, yana da usur. Da ya ga na fito bakin titi shan iska sai ya busa, ya tsayar da motoci. Ba ni da abin yi a tsallake, amma ga direbobi sun tsaya suna kallona, kunya takan sa in ƙetare. Sai in je in gaishe da wani mai facin taya da ke can tsallaken, in ɗan tsaya, tsohon ya sake tsayar da titi in dawo. Wata rana sau huɗu na gaishe da mai facin nan. Yanzu ya fara yi mini wani irin murmushi, an ce wai yana zaton 'yarsa nake nema wa ɗana.

Ni kuwa Musulmi ne, an koya mana a saka alheri da wanda ya fi shi, ba zan yarda a ce maƙwabta sun fi ni sanin haƙƙin maƙwabtaka ba. Na shiga ba furannin bakin ƙofarsu ruwa safe da yamma har suka ruɓe. Suka sayo wasu, suka zo suka yi mini godiya. Na ga wandon fasto kamar yana jan ƙasa, na matsa masa sai da ya kawo na rage, yanzu duk unguwa ta san launin safarsa. Daga nan na ɗinka wa 'yan kwamitin rigunan aiki goma sha bakwai kyauta, kowace da babban aljihu a gaba. Suka rama da wanke mini babur, na rama da labulen ofishinsu, suka rama da gyara mini fanka wadda ba abin da ya same ta. Haka muke har yau, ba wanda ya sauka.

Ɗinkin mutane kuwa ya shiga wani hali. Wani ya dawo da riga wai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wata ta ce kalmasar zanenta ta tafi kamar maciji. Masu kawo aiki sun ragu. Ni na san wannan kai-komon ne ya raba mini hankali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Mama. Kullum da safe sai ta shigo wai gaisuwa, ta zauna a kujerar kekena wai ƙafarta na ciwo. Kafin ta tashi ta zura zare a allurar keken, ta zura wa allurai biyar na hannu, ta soke su a jikin labule, ta fita abinta. Ni da na shekara arba'in a sana'ar nan! Gaskiya ne alluran yanzu kafarsu ta ƙanƙance, masu ƙera su sun lalace, ranar da ba ta zo ba ma na kai hantsi ina fama da guda ɗaya, amma wannan ba hujja ba ce. Sau biyu kuma tana ambata cewa wani likitan ido a cikin 'yan cocin yana duba mutanen unguwa kyauta kowace Laraba a ɗakin taronsu. Na ce mata idona garau yake, mahaifina har ya koma ga Allah bai sa tabarau ba.

Mai ɗakina ma ta koma ɓangarensu. Ta ce in na tashi in tafi ni da kekena. Da muka yi musu ta ce in buɗe ido in dubi rigunan da na ɗinka wa kwamiti, ta ƙi ƙara komai. Ranar Asabar na duba, ban ga aibu ba. Na dai lura dukansu da hannu ɗaya suke aiki, ɗayan yana dafe da aljihu, tsohon mai usur kuma kullum yana sunkuye yana tsintar makullansa. Ina jin wata ibada ce tasu.

Malam, shin ya halatta mutum ya gudu ya bar maƙwabci saboda alherinsa? In kuwa zama ya kama ni, ta yaya zan ci galaba a kansu?

Naka, Telan da aka hana sakat.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya ɗan'uwa, na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun bayan na cire tabarauna na goge, domin dariya ta sa ni hawaye. Allah ya yafe mini.

Zan fara da abin da ka ɗauka ibada ce. Ban ga rigunan ba, amma mutum ba ya dafe aljihu yana shara sai idan abin da ke ciki zubewa yake yi. Ka ɗinka aljihunan a kife ne, bakinsu yana kallon ƙasa. Ke nan mutum goma sha bakwai sun yi watanni suna sa su kowace Asabar, suna aiki da hannu ɗaya, kuma babu wanda ya buɗe baki ya kunyata ka. Fasto yana tsayawa gaban jama'arsa da wando a ƙwauri saboda kai. Sun rubuta godiya ba gunaguni a allo, sun kuma aikata ta a kan aikin hannunka. Ka san wannan kafin ka ƙara ɗaure ko da tsinke.

Kana da gaskiya ta wani ɓangare, ba zan tauye ka ba. Alherin da aka yi ba tare da sanin buƙatar mutum ba yakan zama nauyi, kuma kai da kake tela ka fi kowa sanin abin da ke faruwa idan aka yanka yadi ba a yi awo ba. Maƙwabtanka sun yanka ba awo. Sai dai kowace Asabar suna zuwa da tef a hannu, kai ne kake ƙin tsayawa a auna ka. Wanda ya ce ba ya buƙatar komai alhali yana kai hantsi a kan allura ɗaya, bai faɗi gaskiya ba, ko da ya sa alhamdu lillahi a gaba.

Game da ramuwa kuwa, haƙiƙa addininmu ya umarce mu da saka alheri. Amma ka binciki niyyarka, domin da bakinka ka tambaye ni yadda za ka ci galaba. Sakayya don Allah daban, gasar kada a fi ka daban, kuma furannin nan sun mutu ba su san laifin da suka yi ba. Karɓar alheri da sakin fuska shi ma ɗabi'a ce ta gari, wadda ta fi bayarwa wuya ga mai girman kai.

Gida na uku na allonsu nasu ne kamar yadda ka faɗa. Saɓanin da ke tsakanin aƙidarmu da tasu sananne ne, ba mu ɓoye ba, ba su ɓoye ba, kuma ba su nemi ka bar taka ba. Haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa saboda bambancin addini, malamai kuma ba su hana Musulmi neman magani wurin amintaccen likita wanda ba Musulmi ba. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Tambayarka ta farko amsarta gajeriya ce. Tashi ba haramun ba ne, sai dai wauta ce, domin kafar allura a waccan unguwar daidai take da ta nan, kuma can babu Mama. Ka faɗa wa mai haya ka fasa. Ranar Laraba ka je a duba idonka. In ɗakin taronsu ya yi maka nauyi ka tafi wani asibitin, amma ka je. Ni da ke rubuta maka na shekara ashirin da tabarau, ilimina bai ragu ba. Mahaifinka kuma, Allah ya jiƙansa, shago ya bar maka gado, bai bar maka idanunsa ba.

Ranar Asabar idan sun tambaye ka, ka ba su aikin gaskiya: a mayar da ƙasa kan saiwar, a kankare ƙyauren, a bar maɓallai inda ka ajiye su. Ka gaya wa mai usur cikin ladabi cewa idan za ka ƙetare za ka ɗaga masa hannu. Sannan ka zauna da fasto. Tela ya san gidan da ake kawo riga ɗaya faci sau uku. Ka nuna musu irin waɗannan gidaje a asirce, ba tare da tona asirin kowa ba, ƙarfin mutum goma sha bakwai ya tafi inda ake buƙatarsa. Mai faci kuma ka je ka warware masa zance tun bai fara tara dangi ba.

Ka ba mai ɗakinka haƙuri, ta ga abin da ba ka gani ba. Ka yi wa Mama godiya a fili, domin ta rufa maka asiri kowace safiya ba ta nemi ka sani ba. Idan tabarau ya zo, ka karɓi rigunan nan ka juya aljihunansu, ka saki wandon fasto. Wannan ce ramuwar da suke jira, jin kunyarka ne ya hana su roƙa.

Allah ya ƙara maka hasken ido da na zuciya, ya sa albarka a shagon mahaifinka, ya dawwamar da zaman lafiya tsakaninka da maƙwabtanka. Mu da masu karatu kuma, Allah ya ba mu maƙwabtan da za su riƙe aljihunmu na kife su yi shiru, ya sa mu ma mu zama irinsu ga wasu. Amin.