Kunnen Maƙeri a Makka

Makka, 9 ga Safar, 1371

Zuwa ga Baba, Sabo Maƙeri,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da ƙanwata Baraka. Yaya ƙafar Inna?

Albishirinka, Baba, na bar dakon ruwa! Kada Inna ta damu, kafaɗata ta kusa warkewa, kuma yanzu sau biyu nake cin abinci a rana.

Wani mai gyaran bindigogi, Malam Mukhtaru, jikan Katsinawa, shi ya gwada ni. Ya ajiye bindigogin hannu biyu, irin masu ɗura harsashi da kansu, kamarsu ɗaya. Ya ce, "Ya Wada, ɗaya ta asali ce, ɗaya ta araha. Ka ware, ka samu aiki. Ka kuskure, ka koma wa tulunka."

Mutum uku kafin ni sun zaɓi mai ƙyalli, sun faɗi. Ni kuwa na kwance su, na rataye kowane ƙarfe da zare, na ƙwanƙwasa kamar yadda kake gwada ruwan fartanya. Ta asali ta yi amo mai tsawo. Ta araha ta ce ƙwas, ta yi shiru. Cikinta duk sawun zarto, ƙarfen ba a yi masa baye sosai ya yi ƙwari ba, shi ya sa take cijewa.

Malam ya yi dariya, ya miƙo mini guduma.

A aiko mini daddawa ta hannun alhazai. Kullum ina sa ku a addu'a wajen ɗawafi.

Baba, ranƙwashin da kake yi mini in na zaɓi ƙarfe da ido, na yafe shi duka. Shi nake ci yau.

Ɗanka,
Wada