Ƙorafi Kan Kulle Hanyar Mata ta Saman Soro a Unguwar Zaituna

Najiya Bashir Ugdal,
Gida mai lamba 14, Layin Rijiya,
Sabuwar Unguwar Zaituna,
Ain Tazrut, Libiya.
10 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Injiniya Ramadan al-Mizdawi,
Shugaban Hukumar Tsara Sabon Gari da Kare Muhalli,
Ain Tazrut.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KULLE ƘOFOFIN SAMAN SORO A UNGUWAR ZAITUNA, DA HALIN DA HAKAN YA JEFA MAHAIFIYATA DA ƘANWARTA

Bayan gaisuwa mai yawa da barka da Sallah, da fatan Allah Ya ƙara wa Mai Girma lafiya, Ya dafa masa a kan nauyin da ke wuyansa. Ni ce Najiya Bashir Ugdal, tsohuwar ungozoma a asibitin gari, na yi ritaya bayan shekara talatin da ɗoriya ina aiki. Wasu daga cikin ma'aikatan ofishinka ni na yanke musu cibiya, don haka ba baƙuwa ba ce ke rubuto maka. Na rubuto ne a madadin mahaifiyata, Lalla Ghaliya, mai shekara tamanin da huɗu, da ƙanwarta Lalla Tibra ta gida mai lamba 18, wadda ke kwance ba ta iya tashi. Su biyun ba su san na rubuta wannan takarda ba, kuma da mahaifiyata ta sani da ta hana ni.

Kafin in shiga ƙorafi, yabon gwani ya zama dole. Tun da Hukuma ta kwaso mu daga tsohon gari a watan Oktoban bara, bayan ruwan sama ya jiƙa ganuwa gidaje suka fara ruftawa, ba mu kwana cikin fargaba ba. Bangon sabon gidanmu na ƙasa ne mai kauri, ɗaki na da sanyi ko a wannan zafin ba tare da na'ura ba. Ruwan wanka da na wanki ana tace shi a shayar da dabino. Mota ba ta shiga unguwa, iska ba hayaƙi. Duk wannan na gani, na kuma gode. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da ke tafe da ni:

1. Mai Girma, kasancewarka ɗan bakin teku, ina neman izinin tuna maka abin da kowane ɗan garin nan ya tashi ya tarar. A tsohon gari lungunan ƙasa na maza ne, saman soro na mata. Soraye a haɗe suke, mace na iya tashi daga ƙofar gabas ta kai ta yamma ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. A can ake shanya dabino da tumatir, a can ake niƙa sha'ir, a can ake cin 'yar kasuwar mata, a can ake jin wa ya haihu wa ya rasu. Ta can na riƙa bin gwaggota zuwa karɓar haihuwa tun kafin in san ƙofar makarantar ungozoma. Namijin da ya balaga ba ya hawa da rana, ko da kuwa gidansa ne. Ban ce tsarin ya fi na kowa ba. Na ce dai a cikinsa mahaifiyata ta girma ta tsufa.

2. A ranar 12 ga Maris, 2022, Hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a kan zanen sabuwar unguwa. An yi shi a harabar babban masallaci bayan sallar La'asar, wato wurin da ba macen da za ta leƙa. Ƙanena Miftah na cikin waɗanda suka halarta, daga bakinsa na ji yadda aka yi. Mai zanen ya yi tambaya mai kyau, ya ce me ake yi da saman soro. Dattawa suka dubi juna. A wurinmu abin kunya ne namiji ya ambaci sha'anin matan gidansa a gaban baƙi, balle a ce ya san abin da ke gudana a sama. Sai wani ya ce, "A'a, ba komai, shanya ce kawai." Saura suka gyaɗa kai, har da Miftah, wanda a kan soron nan aka yaye shi. Mai zane ya rubuta abin da aka faɗa masa. Ban ga laifinsa a kan rubutun ba. Laifin da na gani shi ne an tambayi mazauna ƙasa labarin sama, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

3. Da muka tare, sai muka tarar an gina soraye a haɗe kamar na da, tsawonsu ɗaya, har zuciyata ta yi fari. Da na hau matakala sai na ci karo da ƙofar ƙarfe da kwaɗo. An shimfiɗe saman da farantan sola daga katanga zuwa katanga, ba inda za a sa ƙafa. Makulli yana hannun kamfanin da ke kula da farantan. Waɗanda ke hawa yanzu su ne samarin kamfanin masu wanke ƙura, da rana tsaka, suna hango tsakar gidan kowa.

4. Na je ofishinku a ranar 18 ga Nuwamba, 2024. Jami'in da na samu ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini shayi da gyaɗa, sannan ya bayyana mini cewa buɗe ƙofofin zai soke garantin kamfani. Na koma a ranar 3 ga Fabrairu, aka ce maganar tana gaban kwamiti. Na rubuto a ranar 14 ga Afrilu, shiru kake ji. A zuwana na biyu wani matashin jami'i ya ce da ni, cikin ladabi kuwa, "Hajiya, ai an yi muku titi mai inuwa, ga bishiyoyi, ga kujeru. Zamani ya canja, ku fito ku sha iska mana." Ina so Mai Girma ya sani ba ni ce mai buƙatar wannan wa'azin ba. Na bi titi da rana da jakar aikina tun lokacin da ake nuna ni da baki saboda haka. Matasan mata ma sun fito, suna bin titin, Allah Ya ƙara musu. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai tsofaffi mata a unguwar nan da ba su san hanyar ƙasa ba, kuma tun da mota ba ta zuwa ƙofar gida, ko a rufe ba a iya kai su ko'ina. An gina musu gari mai iska mai kyau, suna zaune a ɗaki.

5. Mahaifiyata da Lalla Tibra uwa ɗaya uba ɗaya suke. A tsohon gari ba a taɓa wayewar gari an yi hantsi ba su ga juna ba, in ban da kwanakin jego. Mahaifiyata ce ke zuwa. Za ta bi soro, ta tura ƙofar saman gidan ƙanwarta, hasken rana ya zubo kan matakala, ta yi kira tun daga sama, "Ke malalaciya, har yanzu ba ki ɗora shayin ba?" Ita kuma ta amsa daga ƙasa, "Yaya, sauko a hankali, ba ni da mai ɗaukar ki." Haka suke, faɗa da tsokana, mazajensu suka rasu suka bar su a kai. Yanzu gida uku ne kacal tsakaninsu. Daga ranar da muka tare har zuwa wannan Sallar ba su sa juna a ido ba. Na haɗa su a waya, Lalla Tibra ta ce muryar ba ta yayarta ba ce, ta ture wayar.

6. A farkon bana Lalla Tibra ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, hankalinta kuma ya fara tafiya yana dawowa. Ba ta gane jikokinta. Ni kaina wani lokaci da sunan wata take kira na. Abu ɗaya ne bai gushe mata ba: ta sa an juya mata gado ya fuskanci matakala, kullum da hantsi sai ta ce a ɗora shayi, Yaya na tafe. Likitan da ke duba ta ya faɗa mana a makon jiya cewa zuciyarta ta yi rauni ƙwarai, mu yi abin da za mu yi. Na yi aikin asibiti, na san abin da likita ke nufi idan ya faɗi haka.

Na yi faɗa da mahaifiyata a kan ta bi titi ta je ta ga ƙanwarta, fiye da yadda ya kamata 'ya ta yi da uwa. Na ce mata gida uku ne, na ce zan riƙe ta, na ce ba wanda zai kalle ta. Ta ce, "Ke Najiya, kin saba yawo, kina ganin kowa ma haka yake. Uwata ba ta bi ƙasa ba, kakata ba ta bi ba. Ina da hanyata, su buɗe mini." Kullum da hantsi takan rarrafa ta hau matakala, da gwiwoyin nan nata, ta zauna a jikin ƙofar ƙarfen har rana ta yi zafi. Abincinta ya ragu, bazin, tuwon sha'ir ɗin da take so, ma sai dai ta tsakura. Ina jin haushinta, ina jin tausayinta, na rasa wanda ya fi yawa.

7. Washegarin Sallah, Asabar 7 ga Yuni, bayan ta ji abin da likita ya ce, mahaifiyata ta kira ni ta ce in ɗauko mata mayafi. Ta lulluɓe har ido ɗaya kawai ta bari. Muka fito titi, ga maza cike saboda yawon Sallah. Suka dare suka ba mu hanya, wasu suka juya fuska ga bango, Allah Ya saka musu. Ina riƙe da ita har muka kai. Na ɗauka wahala ta ƙare.

Muka shiga ta ƙofar titi. Mahaifiyata ta yaye mayafi, ta zauna a bakin gado, ta kama hannun ƙanwarta, ta kira ta da sunan da take kiran ta. Lalla Tibra ta dube ta, ta gaishe ta gaisuwar baƙunta, ta tambaye ta mutanen gida. Sannan ta zare hannunta ta ce, "Baiwar Allah, ɗan gusa, kin tare mini matakala. Yayata na nan saukowa."

Mun yi bayani, mun yi rantsuwa. Ta ce yayarta ba ta taɓa shigowa ta ƙofar maza ba, kada mu ɓata mata suna. Surukar gidan ta kawo shawara a kai mahaifiyata saman matakala a ɓoye, ta yi kamar daga soro ta fito. Mahaifiyata ta ƙi. Ta ce shekara tamanin ba ta yi wa Tibra ƙarya ba, ba za ta fara a bakin kabari ba. Ta zauna a gefe har Azahar, ƙanwarta na kallon matakala, ita tana kallon ƙanwarta. Tun ranar ba ta ƙara hawa wurin ƙofar ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, cikin girmamawa nake roƙon Hukuma:

(a) Ta ba da umarnin buɗe ƙofofin saman gidaje masu lamba 14 zuwa 18 cikin wannan makon, a ɗage layi ɗaya na farantan da ke jikin katangar arewa, gwargwadon inda tsohuwa da mai riƙe ta za su wuce. Mutanen gidajen da ke tsakani sun yarda a rage musu wuta. In garanti ne damuwa, a kawo takarda in sa hannu, duk abin da ya lalace a wuyana.

(b) A ɗaga farantan unguwar baki ɗaya a kan ƙafafu su zama rumfa. Wuta ba za ta ragu ba, mata su sami hanya har da inuwa. A kuma riƙa sanar da mu ranar da masu wanki za su hau.

(c) Kafin a aza tubalin kashi na biyu na sabon gari, a sake taron jin ra'ayi, a yi shi a cikin gida, a turo mana mata su yi tambayar.

Na biyu da na uku za su iya jiran kwamiti, na saba jira. Na farkon ne ba zai jira ba. Ba lafiya nake roƙa wa Lalla Tibra ba, wannan ba a hannun Hukuma take ba. Hantsi ɗaya nake roƙo, a buɗe ƙofa, yayarta ta sauko mata ta inda ta san ta. Idan amsa ta makara, ina roƙon kada a turo da makullin daga baya, domin ban san wa zan ba ba.

Allah Ya ja zamanin Mai Girma, Ya sa ya gama lafiya. Ina neman afuwa idan harshena ya zarce.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Najiya Bashir Ugdal
Tsohuwar ungozoma, Asibitin Gari