Fatu Ashirin a Gaban Suruki

Sakkwato, 4 ga Rajab 1343

Daga Jinaidu zuwa ga yayana Hayatu a Kano. Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali. Bayan haka, Baturen kamfanin fata da nake yi wa tafinta yana neman mai tantance fatun awaki. Na kai masa sunan ƙanenmu Mani, tun da annobar shanun bara ta rufe masa rumfar fawa, ga mata ga 'ya'ya uku. Ya ce shi ba ya ɗaukar mutum don ɗan wane ne, jarrabawa zai yi. Za a zube fatu ashirin a raba su kashi uku: masu kyau, matsakaita, da na yarwa. A ciki ya cusa masu yankan wuƙa, da masu ƙazuwa, da waɗanda aka shanya a rana suka ƙone. Ƙarshen wata za a yi. Wasalam.

Kano, 15 ga Rajab

Daga Hayatu zuwa ga Jinaidu sarkin Turanci. Ina amsawa, muna lafiya. Wai Mani za a gwada da fata? Ɗan mahauci, jikan mahauci! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da hanci kaɗai yake gane shanyar inuwa da shanyar rana. Kai ne dai Allah ya raba ka da wuƙa ya haɗa ka da surutu. Ka ce wa Kulu matarsa ta fara shirin tuwon murna. Ka gai da mutanen unguwarmu Gidan Dare.

Sakkwato, 1 ga Sha'aban

Zuwa ga yayana Hayatu, gaisuwa da girmamawa. An yi jarrabawa. Mutum shida suka zo, cikinsu har da Maigandi majemi, mahaifin Kulu. Ka san yanar ido ta rufe masa gani, kuma duk unguwa ba mai faɗa a gabansa. Ashe Bature bibbiyu zai haɗa su, ɗaya ya raba, ɗaya ya fitar da kuskuren ɗan'uwansa. Sai ya haɗa Mani da surukinsa, bai san surukai ne ba.

Tsoho ya raba da lalube, ya dace da sha huɗu, ya kuskure shida. Aka kira Mani. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Na ga hannunsa ya tsaya a kan wata ƙonanniya da aka sa cikin masu kyau, sannan ya wuce. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Daidai na." Sau uku Bature ya sa na tambaye shi, sau uku ya maimaita.

Da aka watse na yi wa Bature bayanin kunyar suruki. Ya saurara har na gama. Ya ce masu kawo fata duk sarakunan fawa ne da masu furfura, wanda bai iya mayar wa surukinsa fata ba, ba zai mayar wa waɗannan ba. Kuma bai yi ƙarya ba. Duk da haka ya yarda a sake ran Alhamis ta sama, amma da sharaɗin Maigandi yana zaune. Wasalam.

Kano, 7 ga Sha'aban

Jinaidu, gaisuwa a taƙaice, raina a ɓace yake. Na ba mai mota wannan wasiƙar don ta riga Alhamis. Ka faɗa wa Mani kunya ba ta ɗora tukunya. Ya rufe ido ya zare fatun nan shida, daga baya ya je ya ba da haƙuri, ai ba yanka mutum zai yi ba.

To amma tsakanina da kai, shekarata ashirin da aure, ban taɓa shan ko ruwa a gaban surukina ba. Da ni ne a durƙushe ranar, ban san abin da bakina zai faɗa ba. Wannan kada ka karanta masa. Allah ya yi mana jagora.

Sakkwato, 13 ga Sha'aban

Zuwa ga yayana, bayan gaisuwa. Na karanta wa Mani rabin da ka ce. Ran Alhamis Mani bai zo ba. Maigandi ya zo tun hantsi da sandarsa, ya zauna kusa da fatun yana jira har aka kira azahar. An ba wani Ɗahiru aikin.

Da Maigandi zai tashi ya kama hannuna ya ce, "Ka hwaɗa ma Mani, na san idona ya mutu, ban buƙatar a ɓoye min. Da ya zare hwatun nan, kunyar kwana ukku zan ji. Yanzu ɗiyata za ta ji yunwar shekara."

Ban isar da saƙon ba tukuna. Wasalam.