Wajen Aduwa

Lahadi, 13 ga Afrilu 2025

An shiga coci da ganyen dabino, ni ban ɗauka ba. Obadiya ya zauna can baya. Ya yi ƙiba.

Bara war haka ɓarayin daji suka kama shi a hanyar Bugaje. Ɗana Kefas ya kai masu abin da suka nema, don abokinsa ne tun suna yara. Suka saki Obadiya suka riƙe Kefas. Gawa muka ɗauko, a motar Sha'ibu direban Maraɗi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Obadiya ya zo ya durƙusa a zaure. Wai yana asibiti aka yi jana'iza, kuma gara ta cinye gicciyen icen da aka kafa, ya je maƙabarta bai gane wurin ba. "Baba Tanko, ka nuna mani kabarin." Na ce masa na manta.

Ya san ƙarya nake. Duk wanda ke kwance a maƙabartar Kirista ta Jibiya, ni ake tambaya inda yake. Ban yi boko ba, karatun ma a coci na koya da girmana, amma ban taɓa ɓatar da kabari ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Zafi. Ban fita ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Fasto ya biyo ni gida don na ƙi cin Jibin Ubangiji, gurasar da ake rabawa a coci. Yaro ne, a haife na yi jika da shi. Ya ce Allah mai adalci ne, ba ya kau da kai ga zunubi, kuma mai ƙauna ne, shi ya sa hukuncin ya sauka kan Ɗansa maimakonmu. Na ce, "Fasto, wannan wa'azi tun uwarka na goye nake jin sa. Marar laifi ya mutu, mai laifi na cin tuwo. Sau nawa aka hana Obadiya bin hanyar nan da jarkokin mai?" Na ce Allah shi ya ba da nasa Ɗan da hannunsa, kuma ya dawo masa rana ta uku. Ni ba a tambaye ni ba.

Fasto ya sha ruwa ya tafi. Da ya yi musu da ya fi mani sauƙi.

Jumma'a, 18 ga Afrilu

Na je sujadar Jumma'a Mai Kyau don kar a yi magana. Da aka karanta inda Yesu ya ce ya Allahna don me ka yashe ni, sai na tashi na fita. Uban yana ji, kuma bai sauko ba. Ban taɓa tunanin yadda Uban ya wuni ranar nan ba sai yau.

Hanna matar Kefas ta kawo mani fura. Ta ce, "Baba, ba wanda ya aike shi. Na riƙe masa riga, ya ɓamɓare hannuna ya ce in bai je ba wa zai je." Ta ce Obadiya ba ya barci, ƙibar kumburi ne.

Ban san ta riƙe masa riga ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ranar gyaran kaburbura kafin bikin Ista. Na fito da fartanya, ga Obadiya tsaye bakin ƙofa. Kafaɗata na ciwo, shi ya sa na bar shi ya ɗauka, ba don wani abu ba.

Ban nuna masa ba. Da muka isa maƙabarta, na dai je na zauna gindin aduwar nan ta gabas, inda ƙasa ta ɗan lotsa. Yana da ido.

Ya yi ta noman ciyawa yana kuka har na ce ya yi a hankali, nan ne wajen kai.

Ruwan da na zo da shi ya yi mani yawa. Mun raba.