Dutsen Kaka Mai Nawa

Kaka,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafa, ya shago?

Albishirinka! A hotunan da madubin hangen samanmu ya ɗauko na ga wani ɗigo ya gusa, taurari kuwa ba su motsa ba. Dutse ne, faɗinsa kamar kilomita uku, yana zagaya rana tsakanin duniyar Mas da Jufita. Ni na fara ganinsa, ni ke da ikon raɗa masa suna, kuma naka zan sa. Sai dai ba a yarda sai an bi shi an tabbatar da hanyarsa. Zagaye ɗaya yana cin shekara huɗu da rabi.

A gaida Umma.
Jikarka

Ke ja'ira,

Lafiya lau, ƙafa da sauƙi. Shekara huɗu da rabi! Kin manta tamanin da uku nake? Shekara sittin ina gyaran agogo, ban taɓa ganin mai nawa irin dutsenki ba. Kawo shi kan tebur in buɗe bayansa.

Na riga na gaya wa mai aski, kin san bakinsa. Duk layi ya ji. Shi ya sa na ciro maganin hawan jinin da na ɓoye a gwangwanin sukurori, na koma sha. Ba zan mutu in bar su da dariya ba.

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki

Kaka,

Ya jiki? Umma ta ce kwananka tara a asibiti. Na yi kuka a ofis, wallahi. Shekara uku ke nan, saura gani ɗaya hanyar dutsen ta tabbata. Ka jira ni.

Taka

Kaka,

Sannu da jira! An ba dutsen lamba, kwamitin raɗa suna ya amince da sunanka. Ga takardar.

Jikarka

Ke ja'ira,

Gaisuwa. Takarda na bango, sama da agogon shago. Mai aski ya karanta sau uku, har da cire hula.

Amma kin cuce ni. Yau na tashi na riƙe ƙwayar magani, na rasa me nake jira. Nemo wani dutsen ki sa sunan marigayiya kakarki. Ki zaɓi mai nisan hanya, kuma kada ki yi sauri.

Na gode, 'yar nan.
Kakanki